Ƙarar da Kawu Kaɗai Yake Ji

Ni na ɗaga motar kawuna, kuma har gobe idan aka tambaye ni zan ce ta yi kyau a ido. Duk mai jigilar hatsi a Kaura Namoda ya san mota yadda aka ƙero ta ba ta iya hanyoyinmu. Cikinta a ƙasa yake, buhu biyar za ka ɗora mata ta fara sharar titi da salansa. Shi ya sa muke ɗaga ta. Mu cire sifirin ɗinta na asali mu sa na motar da ta fi ta girma, mu sauya mata rim da taya masu faɗi, sai ka ga ta miƙe tsaye tana kallon ramuka daga sama. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki a garejina da ke bayan kasuwar hatsi, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin cewa a layinmu babu mai hannuna ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, a Zurmi yake zaune. Ƙuruciyarsa duk a kan babbar mota ta ƙare. Da girma ya zo sai ya sauko zuwa wata ƙaramar mota mai dogon baya, da ita yake kwaso gero da dawa daga Gurbin Bore da ƙauyukan da ke kewaye ya kawo Kaura, ranar Alhamis kuma ya leƙa kasuwar Shinkafi. Mutum ne mai tsokana. Tun ranar da na buɗe gareji ya laƙaba mini injiniya, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san ba yabo ba ne. Ni ma ba na raga masa, sai dai cikin ladabi, don kawu ne.

Wata uku da ɗaga motar, ya shigo garejin da hantsi bayan ya sauke kaya a kasuwa. Bai ko zauna ba ya ce:

"Injiniya, motag ga ta hwara magana."

Na tambaye shi me take cewa. Ya ce wata 'yar ƙara ce daga tayar gaba ta hannun dama, tsak, tsak, tsak, tana bin gudun mota. In ya ƙara wuta ta ƙara sauri, in ya rage ta rage. Da ya ɗora ƙafa a kan burki kuma sai ta yi tsit.

Kafin ya rufe baki na gama gano ciwon, a ganina. Ƙarar da burki ke kashewa ai ta burki ce. Na sa jak, na kwance tayar, na ciro fad ɗin burki, na ga sun ɗan ci, na sa sababbi. Na ce masa ya je, in ta sake magana ya zo ya tsinke mini kunne. Bayan kwana huɗu ya dawo ya ce a miƙo kunnen.

Daga nan na shiga bin ƙafar motar ɗaya bayan ɗaya. Na girgiza tayar sama da ƙasa in ji ko boris ɗin da take juyawa a kansa ne ya saki, na same shi daram. Na duba ko tsakuwa ce ta maƙale a bayan farantin burki, babu. Na bi notuna da sifana, na bi haƙoran taya ina neman ƙusa. Na juya tayar da hannu tana sama a kan jak, na kafa kunne har kumatuna na gogar ƙarfe, ban ji komai ba sai numfashina. Sannan na shiga gaba kusa da shi, a daidai saman tayar da yake zargi, muka bi hanyar Sakajiki muka dawo gilashi a sauke. Motar tana tafiya sumul. Kawu ya yi ta karkata kai yana jira, ƙarar ta ƙi zuwa.

Ya ce sai da lodi take yi. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na kira maƙwabtana na layi, mai faci da mai walda da wasu 'yan dako uku, ƙarti majiya ƙarfi, na cusa su a baya har da but, wurin zuba kaya. Motar ta zauna, muka sake zagayawa. Babu abin da muka ji sai dariyar 'yan dako. Da muka dawo mai walda ya ce wa Kawu ko dai agogonsa ne yake ji, aka kwashe da dariya, har da ni.

Mai karatu zai ce me ya hana shi tsayawa a hanya ya duba lokacin da take yi. Wanda ya san hanyar Zurmi zuwa Kaura a shekarun nan ba zai yi wannan tambaya ba. Tun da daji ya lalace, direba ba ya tsayawa tsakanin gari da gari, ko fitsari ne sai ya riƙe. Ana fita da rana tsaka, a bi juna a jere, kowa idonsa na gefen hanya. In an shigo gari kuma hayaniyar babura da keke ta cinye kowace irin ƙara, ga masu hatsi suna tsaye suna jiran kayansu. Kafin motar ta iso hannuna kullum an riga an sauke ta.

Wata Alhamis sai labari ya iso mini cewa Kawu ya kai motar wurin wani bakanike a Shinkafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Motar da na ɗaga da hannuna, a kai wa wani ya leƙa mata ciki. Mutumin ya sauya boris ɗin da lafiyarsa ƙalau, ƙarar ba ta tafi ba, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Amma wai da zai sallame shi ya ce a koma a tambayi wanda ya ɗaga motar. Da Kawu ya maimaita mini wannan magana, na ce masa mutanen Shinkafi su tsaya ga cinikin shanu su bar mana ƙarfe. Ban ƙara ko kallon wurin da na yi aiki ba.

Ana cikin haka babban ɗan Kawu ya zo. Taubashina ne, kuma da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara bawansa yake kirana. Ranar bai kira ni da haka ba. Ya ja ni gefe bayan wata matacciyar mota, ya ce mini tsohon ya dame su. Ba ya zancen komai a gida sai ƙara. Shi da kansa ya bi shi har Gurbin Bore suka yo lodi, ya zauna a gaba tun daga can har Kaura, bai ji ko tari ba. Ƙaninsa ma ya bi tsohon, shi ma bai ji komai ba. Ya ce suna tsoron girma ne ya fara taɓa shi, kuma mutumin da ke jin abin da babu bai kamata a bar shi da sitiyari a wannan hanya ba. Abu ɗaya suke so su ji daga bakina kafin su yanke shawara, ko motar tana da wani ciwo.

Na bugi ƙirji na ce motar lafiyarta ƙalau, in akwai abin da ke ƙara to ba a jikin ƙarfe yake ba. Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. A ranar ban ɗauke ta a bakin komai ba, ina kare aikina ne kawai. Da wannan maganar tawa suka je suka karɓe makullin motar daga hannun ubansu.

Mako uku ban ga Kawu ba. Taubashina ne ke kawo hatsi, yana wucewa ta gaban gareji ya danna mini ham, motar tana tafiya gaba a sama baya a ƙasa kamar kowace motar lodi. Na ce a raina to shi ke nan, magana ta ƙare.

Wata Juma'a na je Zurmi gaisuwar wata rasuwa a dangi, na ce bari in biya in gaishe shi. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da auduga a kunnensa na dama. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mahaifiyata da yara. Ya kira ni da sunana na yanka. Tunda na buɗe gareji ban ƙara jin sunan nan a bakinsa ba, sai na ji wani iri. Na jira injiniya har muka gama gaisawa, bai zo ba. Na tambayi audugar, ya ce wanzami ya duba kunnen, an kuma ba shi wani magani yana ɗigawa. Yana maganar yana kallon ƙasa. Wani maƙwabci ya zo wucewa ya gaishe shi da ƙarfi, irin yadda ake yi wa kurma, Kawu ya amsa.

Zaman ya yi mini nauyi, sai na tashi na nufi motar, tana fake a gindin dalbejiya don ranar ba a fita. Hali ne na bakanike, ba ya ganin mota ya ƙyale. Na leƙa ta taga. Kujerar gaba ta mai zaman banza ta lotse har ƙasa, ta yi faɗi kamar an daka ta, ga ƙwayoyin gero cike da ɗinkinta da wurin ajiye ƙafa. Na sha zama a kujerar nan, na sha jin ƙarfe na cin bayana, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗaga kai na dubi kariyar ɗora kaya da ke kan rufi, na ga sandarta ta gaba ta lanƙwashe, ta baya kuwa a miƙe.

Na koma na tambaye shi abin da ke cinye kujerar gaba haka. Nan ya ɗan farfaɗo, don an taɓo abin da ya sani. Ya ce yaran yanzu ba su iya lodi ba, sai su jibge komai a baya, gaban mota ya tashi, sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar faifai. Su a babbar mota ba haka aka koya musu ba. Shi buhu biyu yake fara sawa a gaba, ɗaya a kan kujera ɗaya a ƙasa, ya ɗaure wasu biyu a goshin kariya, sannan a cika baya. Ta haka tayun gaba ke kama ƙasa. Na ce to ranar da ɗansa ya bi shi fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce ina zai sa buhu bayan mutum na zaune a wurin? Ranar a baya aka tura su duka.

Nan take na gane. Duk wanda ya zo sauraron ƙarar nan, da ni da 'ya'yansa biyu, a mazaunin buhunan muka zauna. Mu da kanmu muke korar ta, sannan mu ce babu. Ƙartin da na cusa a baya kuwa ɗaga gaban motar suka yi, ba danne shi ba. Ba a taɓa gwada motar yadda mai ita yake tuƙa ta ba, kuma ni da nake kiran kaina gwani ban taɓa tambayarsa yadda yake lodi ba.

Na ce masa akwai hatsi a gida? Ya ce akwai na wani mutumin Gurbin Bore a zaure yana jiran Asabar. Makulli fa? Yana rataye a ɗakin taubashina, shi kuma sun tafi wurin gaisuwa da ƙaninsa. Na aika cikin gida aka miƙo shi, na ce in an tambaya a ce bawansa ne ya ɗauka. Na samu mutum biyu a bakin layi suka taya ni, Kawu yana tsaye yana nuna inda za a sa kowane buhu. Ina kallo gaban motar ya sauka a hankali har taya ta kusa shigewa cikin rumfarta.

Na ce ya shiga ya ja a hankali, ni zan bi ta gefe da ƙafa. Ya karɓi makullin. Ya tayar, ya saki kuloci, motar ta fara gangarawa a kan layin, ni kuma ina biye a sunkuye, hannuna a kan madubi. Ba mu yi taku goma ba na ji ta. Tsak. Taya ta sake zagayowa, tsak. 'Yar ƙarama ce, kamar ana ƙyasta farce a jikin kwano, amma tana nan, kuma daidai inda ya ce. Na ɗaga hannu, ya taka burki, ta ɗauke.

Ya leƙo ta saman buhun da ke kujera, ya ciro audugar daga kunnensa.

"Kai ma ka jiya?"

"Na jiya, Kawu."

"Hwaɗi gaskiya, ɗan nan. Kak ka ce haka don ka hwaranta min rai."

"Wallahi na jiya. Tana nan."

Ya kashe motar, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ce mini mako ukun nan har shi kansa ya fara yarda da su. In ya zauna shi kaɗai sai ya riƙa kasa kunne ya ji ko za ta zo masa a cikin ɗaki, don ya tabbatar kansa ne ya taɓu.

Na sa ya karya sitiyari zuwa hagu gaba ɗaya, na kwanta a ƙasa da kayan Juma'ata, na haska da fitilar waya. Ban daɗe ina nema ba, don da idona ya sauka a wurin na gane hannuna. Lokacin da na ɗaga motar, tiyon burki na asali ya yi gajere, shi ne robar da ke kai man burki zuwa taya. Sai na sa wani mai tsawo na wata mota. Maƙalinsa bai dace da wurin ba, na naɗe shi da yankin tsohon tub na ɗaure da waya, kamar yadda na sha yi. In motar ba kaya, ko tana kan jak, tiyon a miƙe yake, nesa da komai. In gaba ya danne sai ya yi lanƙwasa ya turo ciki wajen rim. A bakin rim ɗin kuma akwai 'yar dalmar nan da ake maƙalawa don daidaita taya, ita ce ke dukansa duk zagaye ɗaya. In an taka burki mai ya cika tiyon ya sanƙare, ya ɗan ja baya, ƙarar ta ɗauke.

Na zare robar tub ɗin da yatsa. Dalmar ta cinye ta, ta cinye fatar tiyon, har zaren ciki ya fito fari yana gashi. Abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Na kwanta a wurin ina tuna gangaren da ke kafin gada a hanyar Kaura, da mota cike da hatsi, da tsoho yana taka burki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Sau uku ina kwance tayar nan, na duba aikin kamfani, na duba aikin mutumin Shinkafi don in samu abin faɗa, amma ban taɓa ɗaga robar nan ba, saboda ni na naɗa ta.

Na fito na faɗa masa komai, ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya saurara har na gama. Na ce yanzu zan cire dalmar in janye tiyon, gobe da sassafe in zo da sabo da maƙali na gaskiya, kafin nan ko bakin layi kada motar ta fita. Na miƙa hannu zan shiga ƙarƙashi, sai ya riƙe mini hannun riga.

"Kak ka taɓa ta. Sai sun jiya."

Muka zauna a kan tabarma muna jira, motar tana tsaye a tsakiyar layi da lodinta. Bayan la'asar sai ga taubashina da ƙaninsa. Ya ga mota a waje, ya ga makulli a hannun tsoho, ya juyo kaina zai fara. Na ce masa ya adana faɗan tukuna, ya zo ya tsaya nan, ya sunkuya. Kawu ya shiga ya tayar.

Har yau ina ganin abin a idona. Manyan mutane biyu masu iyali, da manyan riguna, suna tafe a sunkuye a gefen taya kamar masu neman allura, uban yana jan mota a hankali yana kallon gabansa. Mutanen layi suka fito, har da maƙwabcin nan mai gaisuwa da ƙarfi, shi ma ya bi sahu ya sunkuya. Tsak. Tsak. Na ga wuyan taubashina ya ƙage. Ya ci gaba da bin motar bayan ya riga ya ji, ina jin don bai san yadda zai ɗago ya dubi ubansa ba.

Da motar ta tsaya ban jira a tambaye ni ba. Na ce musu, a gaban duk wanda ke wurin, ƙarar gaskiya ce, tiyon burki ne ke shirin fashewa, kuma ni na ɗaura shi a haka. Na ce maganar da na yi a gareji cewa ciwon ba a jikin ƙarfe yake ba, ƙarya na yi wa Kawu, ban duba ba na faɗa. Ina da baki a layinmu, amma ranar da ƙyar na haɗa waɗannan kalmomi, kuma ban ga wanda ya taya ni ba.

Taubashina ya zagaya wajen tagar direba ya durƙusa a ƙasa, ya ce, "Baba, a yi muna gahwara." Kawu ya zare makullin, ya fito, ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa inda ya saba zama, ya dafa wurin da tafin hannu. Sannan ya ce wa ɗansa ya tashi, ƙasa da datti. Ya waiwayo ya same ni tsaye, shaddata duk ta yi baƙi da ƙasa da man mota, ya kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Injiniya," ya ce, ya ja kalmar yadda ya saba. "Gobe in za ka zo, taho da kunnuwanka duka biyu."